Lamba a Gindin Kowace Shuka

Mu nan kan tudun Humboldt, duk wanda ya haura sittin ya tashi ne da doka guda, kuma dokar ita ce kada a rubuta komai. Ba suna, ba awo, ba ranar shuka. Wanda ya sayi taki a gari sai ya yaga rasiti tun bai bar bakin kanti ba. Abin da ka noma yana kanka, wanda ka sayar wa yana cikinka, in ka mutu ku tafi tare. Da haka mutane suka yi shekara da shekaru suna noman wiwi a ɓoye cikin dazukan nan, kuma duk cikinsu babu wanda ya riƙe dokar kamar Emmett Halvorsen. Sai ga shi Allah ya haɗa shi da matar da za ta tsufa tana rubutu.

Verna ba 'yar tudu ba ce. Daga wani ƙaramin gari na kwari ta zo, inda mahaifinta ke aikin gidan waya. Aikin kaka guda ya kawo ta, irin na 'yan mata da samarin da kan zo da almakashi su zauna su yi ta aske ganye daga kan furen har yatsu su yi baƙi da danƙo. Ta ce za ta yi sati uku ta koma. Emmett a lokacin dogo ne, siriri, mai gemu, maganarsa ba yawa sai zolaya. Ranar farko ya dubi aikinta ya ce ko akuya ce ta bi ta kan furen nan da ta fi haka tausayi. Ta ce to ya kawo akuyar ya biya ta. Kakar ta wuce, sauran suka tafi, Verna ta zauna.

In ana hira ta kan ce shekarun nan na ɓoyo wahala ce zalla, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ruwa a baya suke ɗauka su hau gangare. Da rani in suka ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu na 'yan sanda sai su kwanta ƙarƙashin itace, fuska cikin busassun ganye, har ya wuce. Akwai shekarar da aka sare musu gonar duka suna kallo daga tsallaken kwazazzabo, ba halin ko tari. Amma duk wanda ya san ta ya san in tana ba da labarin nan idonta haske yake yi. Su biyu ne a lokacin, daga safe har yamma, kafaɗa da kafaɗa. Shi ya koya mata gane shuka mai ƙishi tun ganye bai langaɓe ba, ita kuma ta fi shi ido wajen gano namijin shuka a cire shi kafin ya ɓata sauran. Da azahar su zauna kan wani kututture su ci burodi da tumatir da gishiri, hannuwansu na ƙamshin gona. Ko haihuwa ba su yi ba, kuma ba ta taɓa cewa gidan ya yi musu faɗi ba.

Sai kiɗa ya canza. Jiha ta halatta noman, aka ce kowa ya fito fili ya karɓi lasisi. Mutanen da suka yi rabin rayuwarsu suna gudun gwamnati aka tara su a zauren taro na gari, aka ba su kofi da biskit, aka raba musu takardu masu kauri. Emmett ya juya tasa gaba da baya, ya ce wannan ai takardar amsa laifi ce aka yi mata bango mai kyau. Ya rantse hannunsa ba zai taɓa alƙalami ba. Verna ta san in ba su shiga ba gonar ta mutu, don masu saye sun koma wajen masu lasisi. Ita ta sa hannu. Lasisin ya fito da sunanta, shi kuma aka jera shi cikin ma'aikata, abin da maƙwabcinsu Hollis, wani tsohon mai gyaran famfo da ba ya barin ta kwana, ya yi shekara yana yi masa tsiya a kai.

To, wanda bai shiga ba bai san abin da ake kira bin ƙa'ida ba. Kowace shuka sai an ɗaura mata 'yar lambar roba a gindi, kuma lambar nan tana cikin kwamfutar hukuma. In ka matsar da shuka daga wannan rumfa zuwa waccan, ka shigar. In ta mutu, ka shigar, ka faɗi abin da ya kashe ta. In an girbe a auna ta ɗanye, in ta bushe a sake aunawa, kara da ganyen da aka zubar su ma a auna, sannan a niƙa su a cakuɗa da ƙasa kada wani ya tsinta. Shara ma a nan tana da tarihi. Ni dai ban taɓa ganin an bi diddigin ɗan adam yadda ake bin na ciyawar nan ba, kuma duk wanda ya tsara abin na tabbata bai taɓa durƙusawa cikin laka da ruwan sama a ƙeyarsa yana neman lamba ba.

Wani dole ya zauna ya yi, kuma Verna ce ta gaji haƙurin gidan waya. Suka sayi tsohuwar kwantena suka ajiye a gefen gona, aka huda mata taga, aka sa tebur da sikeli da kwamfuta. Da farko ta ce awa ɗaya da safe ya isa. Awa ɗaya ta zama rabin yini, rabin yini ya cinye sauran. Hollis ya raɗa mata Madam Akawu, sunan ya bi ta. Ta iya aikin, har mutane kan hawo daga ƙasan tudu su tambaye ta yadda ake gyara kuskure. Amma ta tagar nan tana ganin hular Emmett tana yawo tsakanin layuka, tana nutsewa tana ɓullowa. Hannuwanta suka yi laushi, danƙon ya fita daga farcenta. Kewar gonar take yi alhali gonar tana gabanta, kuma kewar mijin take yi alhali da yamma tare suke cin abinci. Kullum ta kan ce in an gama girbin bana za ta nemo mai taya ta, ta koma waje.

Shi kuwa in ya wuce ta bakin kwantenar ya kan buga ƙarfen da hannu ya ce, “Tsohuwa, gaishe da gwamna. Ki ce masa shuka ta layi na uku ta yi atishawa, a shigar.”

Ita kuma ta ce ya wuce kafin ta rubuta shi cikin shara ta auna.

Ciwon mantuwa bai zo masa da sallama ba. Da farko makullin mota ne, sai sunan kare, sai ranar da ya tafi gari sayen ƙusa ya dawo da buhun abincin kaji alhali sun daɗe da rabuwa da kaji. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce a bar shi ya yi ta abin da ya saba. Verna ta ji daɗin wannan shawara, don a gona Emmett bai manta komai ba. Hannunsa ya san inda zai tsinke, ya san inda zai ɗaure. Mutumin da kan tsaya tsakiyar ɗakin girki ya rasa abin da ya kawo shi, da ya shiga tsakanin shuke-shuken sai ya miƙe, kafaɗunsa su dawo. Gonar ce kaɗai wurin da take iya samun mijinta cikakke, ko da ta taga ne.

Ana tsakiyar rani ta fita zagayen dubawa ta tarar da shuka huɗu ko biyar babu lamba. Ta ɗauka iska ce. Bayan kwana kaɗan ta ga rabin layi. Hollis ya ce hankaki ne, suna son abu mai ƙyalli, ya ƙara da cewa ta rubuta wa hukuma ta aiko da sammaci a kai musu sheƙa. Ta yi dariya, amma ta san hankaki ba ya yanke igiya da wuƙa.

Wata safiya tana haɗa kofi ta ji warin roba na ƙonewa. Ta bi warin har bayan gida, inda tsohon murhun ƙarfe yake. Emmett na tsugune gabansa, aljihun rigarsa cike da lambobi, yana jefa su wuta ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da sanda. Ya ɗago ya gan ta, ya sa yatsa a baki.

“Yi shiru,” in ji shi ƙasa-ƙasa. “Wani ya shigo mana gona. Ya bi kowace ɗaya ya sa mata lamba. Ƙirga mu suke yi, Verna.”

Ta ce masa ita ta sa, da hannunta, kuma yanzu doka ce.

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda tsoro ya ruɗa. “Ke? Ke da na koya wa? Kada ki damu. Ko sun zo ba za su sami abin da zai kai ki gidan yari ba. Na kusa gamawa.”

Ta tsaya da kofi a hannu har ya huce. Hali zanen dutse: ciwon ya goge shekarun lasisi kaf, ya bar masa tsohuwar dokar da kuma matar da yake karewa da ita.

Matsalar ba ta sayen sababbin lambobi ba ce. Lambar da ta ƙone tana nan da rai a kwamfutar hukuma, tana cewa akwai shuka kaza a wuri kaza, ga kuma shuka a ƙasa ba ta da shaidar ko ita wace ce. Shuka marar lamba kuwa a idon doka daidai take da ta ɓoye. In abin ya yawaita lasisi ne zai tafi, in lasisi ya tafi gonar ta tafi, in gonar ta tafi Emmett ba shi da sauran inda zai tsaya ya zama kansa. Hollis ya ce ta liƙa sababbi ta ja bakinta, wa zai sani. Verna ta ce ta gama da zaman ɓoyo tun ranar da ta sa hannu, ba za ta koma a tsufanta ba. Ta kai rahoton kanta.

Kafin a turo mai dubawa ta gwada dabaru. Ta tura lambobin can ƙasa ta rufe da ciyawa, Emmett ya tono su. Ta riƙa bin sa gona da safe, amma aikin kwantena ba ya jira, da ta juya baya ya ci rabin layi. Hollis ya kawo shawarar a ɗaura tsofaffin lambobi a jikin tumatir na bayan gida, Emmett ya yi ta cirewa can ya huce. Aka ɗaura. Emmett ya zo ya tsaya a kansu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wane sakarai ne ke ƙirga tumatir, wa aka taɓa ɗaurewa a kan tumatir. Ya wuce gona da wuƙarsa.

Sufeton da aka turo mace ce, Miss Arroyo, matashiya mai takalmin aiki da ya ga laka. Ba muguwa ba ce, kuma na fi jin haushin hakan, don da muguwa ce da an sami wanda za a zaga. Ta zagaya layukan da na'urarta, ta zauna da Verna suka daidaita abin da za a iya daidaitawa. Wasu shuke-shuken da aka kasa tantancewa ta ce dole a sare a niƙa. Emmett na zaune a baranda yana kallon motarta, yadda ya saba yi in baƙuwar mota ta hawo.

Da suka gama ta rufe na'urar ta ce wannan karon gargaɗi za ta rubuta, don Verna ce ta kawo maganar da kanta. Amma na gaba ba a hannunta yake ba.

“Misis Halvorsen, kakana ma haka ya yi, na san abin. Amma ba zan iya barin sunansa cikin ma'aikata ba. A sa kwaɗo a ƙofar gonar, makulli a hannunki. In zai shiga, sai dai a matsayin baƙo: ki rubuta shi, ki rataya masa kati, kina tare da shi har ya fita.”

“Shi ya sare dajin nan,” in ji Verna. “Shi ya kafa shingen da kike cewa a kulle.”

“Na sani.”

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Gaba kura, baya sayaki. In ta bar ƙofar a buɗe za a ƙwace gonar daga hannunsu duka biyu, in ta kulle ita ce ta ƙwace ta daga hannunsa. Ta sayo kwaɗon ya yi kwanaki a aljihun rigar sanyinta, tana jin nauyinsa duk inda ta juya. Hollis ya ce ta kawo ya sa mata, ko ba komai in Emmett ya tambaya a ce shi ne. Ta ce a'a. Ranar da ta sake tarar da layi guda tsirara, ta je da kanta ta sa.

Washegari da hantsi ta hango shi ta taga. Ya zo ƙofar kamar kullum, ya tura, ta ƙi. Ya taɓa aljihunsa na hagu, na dama, na ƙirji. Bai jijjiga ƙofar ba, bai ɗaga murya ba. Ya riƙe wayar shingen da yatsunsa yana leƙen ciki, yadda mai wucewa kan leƙa gonar mutane. Furen ya fara nauyi a lokacin, ƙamshinsa ya cika tudun. Verna ta cire sunansa daga jerin ma'aikata. Ta buɗe shafin baƙi ta rubuta sunansa da lokacin shiga. A gurbin dalilin ziyara ta daɗe tana kallo, sannan ta rubuta: duba gona. Ta rataya nata katin na aiki, ta ɗauki na baƙo mai jar igiya, ta fita.

Ya ga katin a wuyanta da makulli a hannunta, sai ya cire hula.

“Barka da hantsi, Madam. Ke ce ta hukuma?”

Ta buɗe baki za ta ce ita ce Verna, amma ta ga yadda ya tsaya, a ladabce, a shirye ya musanta komai, sai ta ce masa eh kawai. Ta rataya masa katin, ya sunkuyo da kai don ta kai. Ta buɗe kwaɗon suka shiga.

Ya bi layi na farko a hankali, hannuwansa a baya, kamar wanda aka gargaɗa kada ya taɓa. Bai daɗe ba hannun ya fito da kansa. Ya ɗaga wani reshe da ya sunkuya ya gyara masa ɗauri. Ya murza ganye ya shinshina. Ya ce mai gonar nan ya iya aiki, sai dai ya cika ba su ruwa da yamma. Ya ga lambobin a gindi, ya kalle su, ya kalle ta, ya ɗauke kai kamar bai gani ba. Tana bin sa a baya, rana na dukan wuyanta, ƙasa na shiga takalminta. Rabon da ta yi tafiya cikin layukan nan ba na'ura a hannu har ta manta. Ya miƙo mata wani busasshen ganye da ya tsinke ba tare da ya waiwayo ba, yadda ya saba, ta karɓa.

A ƙarshen layi ya tsaya inda ake hango kwantenar. Ya daɗe yana kallon tagar.

“Madam, in ba damuwa, ki taimake ni da saƙo. Matata tana cikin ɗakin can. Tun da kuka kawo takardunku ta shiga, ban ƙara samunta a gona ba. Ba ƙara nake kawowa ba, ta iya aikinku. Amma ki ce mata furen ya kusa, kuma ni kaɗai ba na gane namiji da wuri kamar ita. Ki ce ta fito ko na yini ɗaya ne.”

Verna ta ce za ta faɗa mata.

“Kada ki manta,” in ji shi. “Na daɗe ina jira.”

Suka zagaya sauran layukan har rana ta take. Ta fito da shi, ta cire masa katin, ya yi mata godiya ya sa hularsa ya nufi baranda. Ta kulle ƙofar. Ta tsaya da busasshen ganyen a tafin hannunta, ta san ko shi ma ƙa'ida ta ce a auna. Ta koma kwantena ta zauna, ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido ta rubuta lokacin da baƙon ya fita.